TUƘIN JIRGIN SAMA: HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA

A ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 1925 ne jiragen sama guda uku na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga ƙasar Masar, suka sauka a birnin Kano. Wannan ita ce tafiya ta farko da jirgin sama ya yi zuwa ƙasar nan. Shekara 100 ke nan suka cika a 2025 da faruwar wannan al'amari, amma har yau in aka tara samarin unguwa ɗaya a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri aka tambaye su ta yaya mutum yake zama matuƙin jirgi, da wuya a sami ɗaya da zai faɗi matakan a jere. Wasu sun ɗauka sana'a ce ta 'ya'yan manya kaɗai, don haka ko tambaya ba sa yi. Wasu kuma sun ɗauka da zarar mutum ya sami kuɗin makaranta ya karɓi lasisi, shi ke nan ya haye, sai sanya fararen kaya da karɓar albashi da dala. Duka ɓangarorin biyu a kan kuskure suke, kuma kuskuren na biyun ya fi ciwo, domin shi ne yake sa a sayar da gona da gida a tura yaro karatu, ya dawo da takarda a hannu ya zauna a ƙofar gida.

Abin da ya wajaba ɗan'uwa matashi ya fahimta, shi da mahaifinsa da duk wanda zai ɗauki nauyinsa, shi ne cewa lasisin tuƙi rabin tafiya ne. Wanda zai shiga wannan hanya lallai ne ya lissafa ta tun daga ajin sakandare har zuwa ranar da kamfani zai zaunar da shi a kujerar dama ta jirgin fasinja. In lissafin ya tsaya a bikin yaye ɗalibai, to an yi hangen Dala ne kawai, ba a shiga birni ba.

MAKARANTAR TANA ƘOFAR GIDA

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne zaton cewa sai an ƙetare teku ake koyon tuƙin jirgi. Tun shekarar 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama a Zariya, can Palladan a kan hanyar Samaru, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO. Da yawa daga cikin manyan kyaftin-kyaftin da suka tuƙa jiragen Nigeria Airways a nan suka fara, haka nan ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka. Akwai kuma wata kwalejin da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa a Ilori. A ɓangaren soja, rundunar sojan sama, wadda ita ma aka kafa a 1964, tana da makarantar koyon tuƙi ta matakin farko a Kaduna da ta mataki na gaba a Kano, sannan ana horar da matuƙan jirgi mai saukar ungulu a Inugu.

Wato dai uku daga cikin manyan wuraren da ake koyar da wannan sana'a a ƙasar nan suna kan titi ɗaya, daga Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano. To ina dalilin da yaron Tudun Wada ko na Sabon Gari zai tashi yana ganin ƙananan jiragen koyo suna shawagi a saman gidansu safe da yamma, amma har ya gama sakandare bai taɓa taka ƙafa ya tambayi sharuɗɗan shiga ba? Rashin kuɗi dalili ne babba, ba mai musun wannan, kuma za a zo kansa. To amma kafin rashin kuɗi akwai rashin sani, kuma shi maganinsa ba ya buƙatar ko sisi.

SHARUƊƊAN DA KUƊI BA YA SAYE

Akwai ƙofofi uku da ko ɗan wane ne mutum sai ya bi ta cikinsu.

Ta farko ita ce takardar sakandare. Ana neman kiredit biyar, kuma lallai ne a cikinsu a sami Turanci da Lissafi da Fiziks. A nan ne da yawa daga cikin samari suke rufe wa kansu ƙofa ba tare da sun sani ba, tun suna aji huɗu, ranar da suka guje wa ajin kimiyya don tsoron lissafi ko don abokai sun tafi wani ajin. Wata makarantar kuma ko malamin Fiziks babu, balle ɗakin gwaje-gwaje. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yayan da yake da ƙane a ƙaramar sakandare mai sha'awar jirgi, babbar gudunmawar da zai ba shi a yau ita ce ya tsaya masa a kan waɗannan darussa uku, ko da ta hanyar haɗa masa darasin yamma ne.

Ta biyu ita ce lafiyar jiki. Mai son tuƙin jirgin haya dole ne ya sami shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince da shi. Ana auna ido da kunne da zuciya da hawan jini da fitsari da sauransu. Sanya tabarau ba ya hana mutum, muddin tabarau ɗin yana gyara ganin ya kai matsayin da ake so. Amma kasa bambance launuka, musamman ja da kore, matsala ce babba, domin fitilun titin jirgi da na jikin jirage da launi suke magana. Haka nan farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya. Kuma ba sau ɗaya ake gwajin ba, duk shekara sai an sake har mutum ya bar aiki. Saboda haka hankali shi ne a fara zuwa wurin likita kafin a biya kowace makaranta kwabo. Wanda kuma ya saba da shaye-shaye, ko tiramadol ne ko maganin tari ko wiwi, to ya sani ana gwada matuƙa ba tare da sanarwa ba, kuma wanda aka kama lasisinsa ne a kan layi.

Ta uku ita ce harshe. Turanci shi ne harshen da matuƙi yake magana da shi da jami'in hasumiya a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. ICAO ta kasa ƙwarewar harshen gida shida, kuma wanda bai kai mataki na huɗu ba, ba a yarda ya yi wannan aiki ba. Ba don ado aka sa wannan sharaɗi ba. Hatsarin jirgin sama mafi muni da aka taɓa yi ya faru ne a tsibirin Tenerif a shekarar 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiya yana cikin manyan dalilan. Don haka Turancin cin jarrabawa bai wadatar ba. Ana son wanda zai ji magana ta rediyo cikin ƙara da sauri, ya gane, ya mayar da amsa ba in'ina.

MATAKAN TSANI

Idan an wuce waɗannan ƙofofi, sai a hau tsani, kuma kowane mataki da awoyin tashi ake auna shi. Kowane matuƙi yana da kundi da ake rubuta masa duk awar da ya yi a sama, kuma wannan kundin shi ne jarinsa har ƙarshen aikinsa.

Ɗalibi yakan fara da karatun aji: dokokin sama, ilmin yanayi, ilmin gane hanya da taswira, yadda inji yake aiki, yadda iska take ɗaga fiffike, lissafin nauyi da mai, da iyakar abin da jikin ɗan Adam yake iya jurewa. Daga nan sai ya fara tashi da malami a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, har ranar da malamin zai sauka ya bar shi ya zagaya shi kaɗai. Lasisin farko, wanda ake kira PPL, yana buƙatar shekara 17 da haihuwa da awa 40 a sama. Da shi mutum zai iya tuƙa jirgi don kansa, amma ba a yarda a biya shi ba.

Na biyu shi ne lasisin haya, CPL. Shi kuma shekara 18 da awa 200, ko 150 ga wanda ya bi tsararren kwas a makarantar da aka amince da ita. A cikin awoyin nan akwai tafiya mai nisan kilomita 540 da zai yi yana jagorantar jirgin da kansa, ya sauka a filaye biyu dabam-dabam, akwai kuma tashin dare. Ana haɗa wannan lasisi da shaidu biyu: ta iya tuƙi da agogunan jirgi kaɗai lokacin da ba a ganin ƙasa, da ta tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Duk wanda ya san yadda hazo yake rufe sararin Arewa daga Disamba zuwa Fabrairu ya san muhimmancin ta farkon. Wannan hazon kuma yana cikin abubuwan da suke tsayar da tashin ɗalibai, shi da ƙarancin jiragen koyo da na mai, har kwas ɗin da aka tsara a kan kamar shekara biyu ya zarce haka.

Na uku, wanda shi ne ƙololuwa, shi ne ATPL, lasisin da yake ba mutum damar zama kyaftin a babban jirgin fasinja. Sharaɗinsa shekara 21 da awa 1,500.

To a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Makaranta tana sallamar ɗalibi da awa wajen 200, a kan ƙananan jirage masu ɗaukar mutum huɗu ko shida. Kyaftin yana buƙatar 1,500. Wa zai cike wannan giɓi na awa 1,300? Amsar ita ce aiki. Sai kamfani ya ɗauke shi mataimakin matuƙi yake tara su. To shi kuma kamfanin me yake nema kafin ya ɗauke shi?

RAMIN DA BA A FAƊA WA IYAYE

Babban jirgi ba kamar mota ba ne da wanda ya iya Fijo zai shiga Toyota ya ja. Kowane samfuri, ko Boeing 737 ne ko Embraer ko Airbus, yana da nasa horo da tasa jarrabawa, kuma sai an buga wa mutum shaidar wannan samfurin a lasisinsa sannan doka ta yarda ya zauna a gabansa. Matuƙa suna ce wa wannan shaida taif-retin. Ana yin horon a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda take kamar ɗakin matuƙi sak, tana jijjiga tana karkata, ana jefa wa mutum gobarar inji da lalacewar taya don a ga yadda zai yi. Makonni kaɗan ne, amma kuɗinsa dubban daloli ne, kuma shekara da shekaru galibin matuƙan ƙasar nan a ƙasashen waje suke yin sa. Ga shi kuwa tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. Duk wanda ya yi kasafinsa da tsohon farashi ya ga ta kansa.

Kamfani kuma, da yake ɗan kasuwa ne, ya fi son wanda ya zo da shaidarsa a hannu da awoyi masu yawa, domin kamfanonin inshora suna duba ƙwarewar matuƙa, kuma horar da sabo yana cin kuɗi da lokaci. Sai abin ya zama kamar wasa da hankali: ba a ɗaukar mutum sai yana da awoyi, ba ya samun awoyi sai an ɗauke shi.

Zaman jiran ma ba kyauta ba ne. Shaidar lafiya tana ƙarewa, shaidar tuƙi da agoguna tana buƙatar sabuntawa, kuma doka ta ce wanda bai yi tashi da sauka sau uku ba a cikin kwana 90, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya sake gwada hannunsa. Wato matuƙin da yake zaune a gida kullum ƙwarewarsa tana tsufa, kuma sai ya kashe kuɗi kafin ya riƙe matsayin da yake kai.

Ba tatsuniya ba ce wannan. A shekarar 2013 gwamnatin Jihar Kano ƙarƙashin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan don koyon tuƙin jirgi, suka kammala suka dawo da lasisinsu. Ko shakka babu wannan yunƙuri ne babba, ya kuma tabbatar da cewa ɗan talakan Arewa in ya sami dama zai iya. To amma da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru a gida ba aiki, kuma babban abin da ya tsayar da su shi ne wannan shaida ta samfurin jirgi da ƙarancin awoyi. Wasu sun samu shiga daga baya, wasu suka kama wata sana'ar. Irin wannan ya sami wasu daga cikin matasan yankin Neja Delta da aka tura waje koyon tuƙi ƙarƙashin shirin afuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Darasin da ke ciki shi ne, duk gwamnati ko attajiri ko ƙungiyar da za ta ɗauki nauyin ɗalibi, ta ɗauke shi har bakin ƙofar jirgi. Gara a horar da 30 a kai su ƙarshe, da a horar da 100 a ajiye su a tsakiyar kogi.

INA AIKIN YAKE?

Ana yawan yaɗa labarin cewa duniya tana ƙarancin matuƙa. Akwai gaskiya a ciki. Kamfanin Boeing, a hasashen da yake fitarwa duk shekara, ya nuna cewa duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 a cikin shekara 20. Amma kason Afirka a wannan adadi bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Kuma wanda ake rububi shi ne gogaggen kyaftin mai dubban awoyi, irin wanda kamfanonin ƙasashen Larabawa suke zawarci da albashi mai tsoka. Sabon yaye mai awa 200 yana da yawa a kasuwa. Wannan ne ya sa ake ganin abin mamaki: matuƙa 'yan ƙasa suna zaune, kamfanoni kuma suna ɗauko kyaftin daga waje.

Sannan sai a dubi tarihin kamfanonin kansu. Nigeria Airways da aka kafa a 1958, wanda shi ne yake ɗaukar matasa ya horar da su da kuɗinsa ya ba su aiki, ya durƙushe a 2003. Da mutuwarsa wannan tsani ya karye, kuma har yau ba a sami wanda ya maye gurbinsa ta wannan fuska ba. Ƙasar Habasha, wadda ta riƙe kamfaninta tun 1945, tana da makarantarta da take yaye matuƙa ta zuba su kai tsaye a jiragenta. A Arewa an ga tashen Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a 1980, an ga Chanchangi na Kaduna, an ga IRS da Albarka. Ina suke yau? Bayansu an sami Max Air a 2008, Azman ya fara jigila a 2014, Rano Air kuma a 2023. Alhamdu lillahi da ake samun masu zuba jari, amma wanda zai shiga wannan sana'a ya san cewa kamfanin jirgi a ƙasar nan yakan tashi ya faɗi, don tsadar mai da ƙarancin dala da kuɗin gyara, kuma in ya faɗi da ma'aikatansa yake faɗuwa.

Duk da haka ƙofofi ba su taƙaita ga jirgin fasinja ba. Akwai jirage masu saukar ungulu da suke kai ma'aikata rijiyoyin mai a Kudu da cikin teku, kuma kamfanoni irin su Bristow sun sha ɗaukar matasan ƙasar nan su horar da su da kuɗinsu. Akwai ƙananan jiragen attajirai da na haya. Akwai sashen jirage na 'yan sanda. Akwai kuma koyarwa, wadda ita ce sananniyar hanyar tara awoyi a duniya: mutum ya ƙara kwas ɗin malanta, ya rinƙa tashi da ɗalibai, ana biyansa, kundinsa yana cika.

HANYAR SOJA DA HANYAR WAJE

Ga wanda gidansu ba hali, hanyar soja ita ce wadda ba a biyan kuɗin horo. Ana shiga ne ta Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, NDA, bayan jarrabawa da tantancewa mai tsanani. Amma a lura da abu biyu. Ba duk wanda ya shiga sojan sama ne yake zama matuƙi ba, ana sake tacewa a ciki. Kuma wanda ya zama, soja ne kafin komai: inda aka tura shi nan zai je, abin da aka umurce shi shi zai yi, kuma ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama. Wanda yake kallon kakin a matsayin gajeriyar hanya zuwa jirgin fasinja, ya zauna ya yi wa kansa hisabi tun kafin ya cike fom.

Masu hali kuma sukan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka ko Jodan ko Habasha. Fa'idar ita ce galibi an fi gamawa da wuri, saboda yawan jirage da kyawun yanayi. Amma komai da dala ne, har abinci da makwanci, kuma in an dawo sai an kai lasisin NCAA an cika sharuɗɗanta, har da jarrabawa, kafin a mayar da shi na gida. A nan ne kuma 'yan damfara suke ɗana tarkonsu a Facebook da WhatsApp, da hotunan jirage da alƙawarin biza da aiki. Ƙa'ida ɗaya ta isa: makarantar da hukumar sufurin sama ta ƙasarta ba ta amince da ita ba, takardarta ba ta da amfani, kuma babu makarantar kirki da take sayar da alƙawarin aiki ta hannun dillali. Kada a tura kuɗi gaba ɗaya. A biya mataki-mataki, domin an sha ganin makaranta ta rufe da kuɗin ɗalibai a ciki.

BA MATUƘI KAƊAI KE TAYAR DA JIRGI BA

Wani kuskuren shi ne ɗaukar cewa in ba a zama matuƙi ba an yi asara. A Zariyar nan dai ana koyar da injiniyan gyaran jirgi, da jami'in hasumiya mai ba jirage hannu, da injiniyan na'urorin sadarwa, da jami'in tsara tafiya wanda yake lissafa hanya da mai da nauyi kafin jirgi ya tashi, da masu kashe gobara a filin jirgi. A Kaduna akwai Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, AFIT, wadda take karɓar farar hula tana ba da digiri. Kuɗin waɗannan kwasa-kwasai bai kama ƙafar na tuƙi ba, wasunsu kuma ba sa buƙatar shaidar lafiya mai tsanani irin ta matuƙi.

Mai ganin waɗannan ayyuka ƙanana ne ya tuna da ranar 11 ga Yulin 1991. Jirgi ƙirar DC-8 da Nigeria Airways ya ɗauko haya daga wani kamfanin ƙasar Kanada ya tashi daga Jidda da alhazai zai kawo su Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka aka bar shi ya tashi don gudun ɓata lokaci. Tayoyin suka fashe suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgin, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Kafin nan, a watan Janairun 1973, jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 da aka yi haya daga Jodan ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Rayukan ɗaruruwan mutane suna iya rataya a kan sa hannun makaniki ɗaya da ya ƙi yarda a matsa masa. Wannan amana ce, kuma ana buƙatar masu tsoron Allah a wurin kamar yadda ake buƙatarsu a gaban jirgi.

Waɗannan haɗurra biyu suna kuma tuna wa mutum wani abu. Jigilar alhazai ita ce babbar hada-hadar jirage ta shekara-shekara a Arewa. A 2023 kujera 95,000 Saudiyya ta ba Nijeriya, kuma mafi yawan maniyyatan daga Arewa suke. Tun shekaru aru-aru wani kaso mai yawa na wannan aiki da jiragen haya ake yin sa, waɗanda suke zuwa da matuƙansu da ma'aikatansu. Al'ummar da take fitar da dubban mahajjata duk shekara, bai dace a ce ba ta da isassun 'ya'yanta da za su tuƙa su, su duba musu injin, su ba su hannu daga hasumiya ba. Wannan yana cikin ilmin da in wasu suka tsaya masa sun ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya yi biris to nauyin yana kan kowa.

ABIN YI

Ga matashi: ya riƙe Lissafi da Fiziks da Turanci da kyau, ya tsare jikinsa daga ƙwaya, ya je gwajin lafiya tun da wuri. Ya tafi Zariya da ƙafarsa ya tambayi sharuɗɗa da kuɗi daga bakin masu makarantar, domin zuwa da kai ya fi aike. Ya nemi matuƙin da yake cikin aikin ya tambaye shi shekara nawa ya yi tsakanin lasisi da albashin farko. In da hali ya riƙe digiri ko difloma ko wata sana'a a gefe, saboda lasisin da yake rataye a kan gwajin likita na shekara-shekara ba abin jingina rayuwa gaba ɗaya ba ne.

Ga iyaye: kada a sayar da gona sai an rubuta lissafi a takarda, kuma a cikinsa a sa kuɗin shaidar samfurin jirgi, da na sabunta lasisi, da na zaman jira na shekara ɗaya ko biyu. In lissafin bai kai ba, gara a juya zuwa injiniyan jirgi ko hasumiya, yaro ya fara aiki, in Allah Ya buɗa daga baya ya ƙarasa burinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni: kafin a tura sabon ayari, a nemo waɗanda suka riga suka sami lasisi suna zaune, a biya musu abin da ya rage. Shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi saurin ba da amfani. Sannan duk wani sabon shiri a ƙulla shi da kamfanin jirgi tun farko, a rubuce, cewa gwamnati za ta biya horo, kamfani zai ɗauki mutum kaza ya ba su awoyi, su kuma su yi masa aiki na shekara kaza. Masu kamfanonin da suke cin kasuwar jigilar alhazai su ma akwai haƙƙi a kansu na su mayar da wani abu ta hanyar rainon matasan yankin da suke ɗiban fasinja.

Sama ba gadon gidan kowa ba ce, kuma 'ya'yan talakawa da dama sun hau kujerar kyaftin da ƙoƙarinsu da taimakon Allah. Amma waɗanda suka kai, sun kai ne da sanin tsawon hanyar da tanadin guzurinta. Allah Ya yi wa matasa jagora, Ya ba su sana'a mai albarka, Ya kuma sa shugabanni su gane nauyin da ke kansu. Amin.